RA'AYIN JARIDA: Fatar da ake raino a daro: A gwada ta a Maiduguri kafin a buɗe mata layi a kasafi

A 'yan shekarun nan wasu gidajen ɗinki na Turai sun fara baje kolin jakunkuna da riguna da aka yi da wani abu mai kama da fata, wanda ba daga jikin dabba aka feɗe shi ba, kuma ba da auduga aka saƙa shi ba. Rainonsa ake yi a cikin daro, a saman ruwan zaƙi, kuma ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, su ne masaƙansa. A 2023 kamfanin tufafi na Ganni da ke Denmak ya nuna wata jaka da ya yi tare da kamfanin Modern Synthesis na Landan, da kuma wata kwat da ya ɗinka da kayan kamfanin Polybion na Meziko. Labari irin wannan ba ya daɗewa kafin ya iso Abuja cikin takardar neman kwangila, da kalmomin “kare muhalli” da “sama wa matasa aikin yi” a shafin farko. Duk mai son a saurare shi da wuri kuwa ya san cewa ambaton Arewa maso Gabas yana buɗe ƙofa. Saboda haka ya dace daraktoci da jami'an tsare-tsare da hadiman ministoci da na 'yan majalisa su san abin tun kafin ya iso teburinsu.

Matsayin wannan jarida shi ne, wannan fasaha ta cancanci a gwada ta, kuma Maiduguri wuri ne da ya dace da gwajin. Amma gwaji ƙarami, mai wa'adi, wanda za a wallafa sakamakonsa ko da bai yi daɗi ba. Gina masana'anta, ko raba daro da buhun sukari da sunan tallafi, kafin a amsa tambayoyin da ke tafe, asarar dukiyar jama'a ce, kuma wasa ne da fatan mutanen da suka riga suka sha wuya.

Abin da ake magana a kai ba sabon abu ba ne a ilimi. Tun a 1886 wani masani ɗan Ingila, A. J. Brown, ya bayyana cewa yanar nan mai kauri da ke taruwa a saman ruwan khal, aikin wata bakteriya ce, kuma sinadarin da ke cikinta shi ne selulos, wato ainihin abin da ya haɗa zaren auduga da takarda. A yau masana na kiran fitacciyar cikin waɗannan halittu Komagataeibacter xylinus. Idan ta samu ruwa mai sukari da ɗan tsami, da iska a samansa, da ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, sai ta riƙa fitar da zare siriri ƙwarai, wanda ke sarƙewa ya zama shimfiɗa guda a kan ruwan. Cikin mako biyu zuwa uku shimfiɗar takan yi kaurin yatsa. Sai a ɗauke ta, a wanke, a dafa da ruwan soda don a kashe ƙwayoyin a kuma fitar da su, a shanya. Siffar daron ita ce siffar abin da za a samu: faffaɗan faranti ya ba da faffaɗan ƙyalle.

Bai kamata kalmar bakteriya ta tsorata kowa ba. Matar da ke kwantar da nono ya zama kindirmo, da mai dafa kalwa ta rufe ta kwana uku ta zama daddawa, duk da irin waɗannan halittu suke aiki, ko da ba su taɓa kiran sunansu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Bambancin kawai shi ne a nan shimfiɗar da ke saman ruwan ake nema.

Dalilin da ya sa duniya ta waiwayi wannan abu a bayyane yake. Fiye da rabin zaren da ake yin tufafi da shi a duniya a yau foliyesta ne, wanda asalinsa man fetur ne, kuma ba ya ruɓewa. Duk wanda ya ga abin da ke toshe magudanan ruwa a biranen Najeriya ya san ƙarshen tsumman gwanjo da takalman roba. Jimar zamani kuma da sinadarin kuromiyam ake yin mafi yawanta, kuma mutanen da ke zaune kusa da rukunin masana'antu na Challawa da Sharaɗa a Kano sun shekara da shekaru suna kuka da dagwalon da ke kwarara cikin kogi. Abin da ake iya rainawa da ragowar 'ya'yan itace, wanda ba ya buƙatar gona ko maganin feshi, kuma yake ruɓewa idan aka binne shi, dole ya ja hankali.

Sai dai waɗanda suka fi daɗewa a kan aikin su ne suka fi faɗin aibinsa. Suzanne Lee, mai zanen tufafi wadda ta yi suna da rigunan da ta raina a ruwan koren shayi da sukari, ta faɗa a bainar jama'a a 2011 cewa babbar matsalar ita ce ruwa: idan ruwan sama ya daki rigar sai ta tsotse shi, ta yi nauyi, ɗinkin ya fara warwarewa. Shimfiɗar da aka ɗauko daga daro kusan kashi 99 cikin 100 nata ruwa ne, don haka abin da ya fito da kaurin yatsa yakan koma kamar takarda idan ya bushe. Idan ba a shafe shi da mai ko kakin zuma ko gilisarin ba, sai ya ƙage ya riƙa tsagewa. Wasu kamfanonin kan lulluɓe shi da roba don ya jure ruwa, kuma da zarar an yi haka, amfanin da aka yi tallarsa da shi na ruɓewa ya ragu. Fumfuna kuma takan faɗa cikin daro ta lalata aikin mako biyu a dare ɗaya.

Tarihin kasuwar ma yana da darasi. A ƙasar Filifin an daɗe ana raino irin wannan shimfiɗa a ruwan kwakwa, ana yanka ta ƙanana ana ci a matsayin kayan zaƙi da ake kira nata de koko. A 1993 mutanen Japan suka yi ca a kanta, farashi ya tashi, gidaje da yawa a Filifin suka ci bashi suka sayi faranti suka shiga sana'ar. Da yayin ya wuce, farashi ya faɗi, ƙananan masu yi suka kwana ciki. A 2023 kuma kamfanin Bolt Threads na Amurka ya dakatar da yin Mylo, wata fatar da ake rainawa daga saiwar naman kaza, duk da cewa yana da abokan hulɗa irin su Adidas da Stella McCartney, saboda kuɗin faɗaɗa aikin ya gagara. Wanda ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne irin ƙaramin kamfanin Malai da ke jihar Kerala a Indiya, wanda ke karɓar ruwan kwakwar da masana'antu ke zubarwa, yana haɗa shimfiɗar da zaren ayaba da na rama, yana yin walat da jakunkuna. Ya zaɓi ƙananan kaya, kuma abincin ƙwayoyinsa shara ce da ba ya biyan kuɗi mai yawa a kanta.

Me ya sa Maiduguri? Domin abin da Landan da Kofanhegan ke nema da kuɗi, wato hannun da ya iya ɗinki da jima da rini, yana nan a Borno tun zamanin daular Kanem-Borno. Hular Zanna da ake sawa a zauren Majalisar Tarayya da ofisoshin Sakatariyar Tarayya, yawancinta daga hannun mata da matasan Borno take fitowa. Lokacin da Boko Haram ta mamaye Bama a Satumba 2014, dubban mutanen garin sun shigo Maiduguri ba su ɗauko komai ba sai sana'arsu, kuma allura da zare ne suka riƙe gidaje da yawa a sansanonin gudun hijira, har bayan da gwamnatin jihar ta fara rufe sansanonin cikin birnin a 2021. Hula guda mai kyau takan ci makonni a hannun mai ɗinki, ribar kuma ta fi tsayawa a hannun dillali. Kasuwar Shanu ta Maiduguri na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin Tafkin Chadi, kuma majema da dukawa na nan da bagaruwarsu. Borno da Yobe na cikin jihohin da suka fi samar da ƙaro a ƙasar nan. A ɓangaren ilimi kuma akwai Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da sashenta na nazarin ƙananan halittu, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ga hedikwatar Hukumar Raya Arewa maso Gabas, NEDC, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a Oktoba 2017. Samun masani da baduku da mai ba da kuɗi a gari guda ba ƙaramin abu ba ne.

Amma Maiduguri ita ce kuma wurin da zai fi tona asirin raunin wannan fasaha, kuma wannan ma dalili ne na yin gwajin a can. Tambayoyi huɗu ne ke jiran amsa.

Ta farko zafi. Ƙwayoyin sun fi son digiri 25 zuwa 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, a tsakiyar hunturu kuma dare yakan yi sanyin da zai rage musu kuzari. Sanyaya ɗaki na buƙatar lantarki, kuma birnin bai manta da yadda ya zauna cikin duhu ba bayan an fasa turakun wutar hanyar Damaturu a Janairu 2021, lamarin da ya kai ga gina tashar iskar gas mai megawat 50 da aka ƙaddamar a Maris 2023. Idan sai da janareta za a yi raino, to maganar kare muhalli ta faɗi, lissafin riba ma ya faɗi. Abin da ya kamata a auna shi ne ko ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko ɗakin da aka haƙa cikin ƙasa, ko dabarar randa cikin randa da ake sanyaya kayan miya da ita, za su iya riƙe ɗumin da ake so. A ɗaya gefen kuma, rana da busasshiyar iskar Borno za su sauƙaƙa shanya, matakin da ke cin wuta a ƙasashen sanyi.

Ta biyu abincin ƙwayoyin. Najeriya na shigo da mafi yawan ɗanyen sukarin da take tacewa daga waje, musamman Burazil. Zuba farin sukari a daro don a samu jaka, a jihar da hukumomin agaji ke ciyar da yara masu tamowa, abu ne da hankali ba zai ɗauka ba. Fasahar za ta yi ma'ana ne kaɗai idan ta rayu a kan abin da ake zubarwa: ɓawon kankana da ruɓaɓɓen mangwaro da ake tarawa a kasuwar Gamboru, tuƙar aya da ta rake, ko baƙin maɗin da ke saura a masana'antar sukari ta Numan a Adamawa. Amma a Arewa ba kowace shara ce shara ba, domin akuya da tunkiya na da haƙƙi a kan ɓawon kankana, kuma mai kiwo zai yi ciniki a kansa. Dole a lissafa wannan cikin farashi.

Ta uku ruwa. Kowane ƙyalle guda na buƙatar ruwan raino da ruwan wanki har sau da yawa. Unguwanni da dama a Maiduguri da 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse suke rayuwa, kuma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba 2024 ta nuna yadda tsarin ruwan birnin yake da rauni. Ana buƙatar a san lita nawa ke tafiya a kan kowane murabba'in mita, nawa ne za a iya sake amfani da shi, kuma ina ruwan soda zai kwarara. Bai kamata a ɗauko ƙaramin Challawa a kai bakin kogin Ngadda ba.

Ta huɗu mai saye. Wa zai sayi abin, a kan nawa, a gefen fatar akuya da ta shekara ɗaruruwa tana da kasuwa, da robar Sin mai arha da ta cika kasuwar Monday Market? Mai saye a Borno zai kuma tambayi tsarkin abin, domin hanyar gida da aka saba, ta ruwan shayi da yisti, tana haifar da ɗan barasa kafin ƙwayoyin su mayar da shi khal. Akwai hanyar raino da bakteriya zalla ba tare da yisti ba, kuma dafawa da wanki na fitar da ragowar ruwan rainon. Amma wannan bayani ne da ya kamata a tanada tun farko, tare da malamai da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, SON, kafin jita-jita ta riga gaskiya isa kasuwa.

Masu rubuta takardun gwamnati na da dalilin yin taka-tsantsan, domin Arewa cike take da kangayen kyawawan niyyoyi. Masaƙar Kaduna, KTL, da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi bayanta a 2007, kuma a cikinsu babu wadda ta mutu don rashin sanin yadda ake saƙa. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da tsadar jari ne suka kashe su. A Maiduguri kanta, masana'antar jima da takalma ta Neital ta shafe shekaru a kwance alhali fata na wucewa ta ƙofarta zuwa Kano, wata kuma na ƙarewa a tukunyar ganda. Wanda bai iya riƙe masana'antar da albarkatunta ke tafiya da ƙafafunsu zuwa kasuwa ba, ya kamata ya yi tunani sau biyu kafin ya gina wadda albarkatunta ke mutuwa idan zafi ya ƙaru da digiri goma.

Abin da wannan jarida ke ba da shawara shi ne mai sauƙi. Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu, RMRDC, tare da asusun TETFund da NEDC, su ɗauki nauyin gwaji guda ɗaya na shekara biyu, domin ya ratsa bazara da damina da hunturu sau biyu. Jami'ar Maiduguri ta riƙe ɓangaren ƙwayoyin, ta kuma nemo irin da ke rayuwa a 'ya'yan itacen yankin, wanda mai yiwuwa ya fi na kanti jure zafi. Cibiyar Fasahar Fata ta Ƙasa, NILEST, da ke Zariya ta auna ƙarfi da lanƙwasa da jure ruwa da ma'aunin da take auna fata da shi, ta kuma gwada ko bagaruwa da ƙaro da kakin zuma da man gyaɗa za su iya maye gurbin robar da Turawa ke shafawa. A nan ne Borno za ta iya ƙara wa duniya sani, domin majemin gargajiya ya san abin da bagaruwa ke yi wa fata fiye da ɗakin gwaji da yawa. Dukawa da masu ɗinkin hula su shiga tun ranar farko a matsayin ƙwararru da ake biya, su faɗi ko allura na ratsa abin, ko yana karɓar rinin baba, ko yana wari. A ƙarshen kowace shekara a wallafa lissafi: naira nawa, lita nawa, kwana nawa, daro nawa ya lalace. Idan lissafin bai fita ba, a rufe aikin a fili, a ajiye rahoton inda ɗalibi zai same shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da ya nuna cewa abu ba zai yiwu ba ya biya kuɗinsa.

Kada a fara da riga. Babbar riga da kaftani na buƙatar yadi mai numfashi da jure wanki, kuma wannan abu bai kai nan ba. A fara da bangon fayil, da gidan katin shaida, da walat, da jakar taro, da shafin cikin hula. A nan ne ma'aikatan tarayya ke da iko a hannunsu. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na Mayu 2017 ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi ware aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da suke kashewa a kan kayayyaki irin su yunifom da takalma da kayan rubutu ga abin da aka ƙera a gida, kuma manufar fifita kayan Najeriya da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a Mayu 2025 ta ƙara jaddada hakan. Kowane mako ana raba jakunkunan taro a otal-otal ɗin Abuja, yawancinsu na roba ne daga waje. Jami'in saye da ya karkatar da odar taro guda zuwa ƙungiyar dukawan Maiduguri ya yi abin da takardar manufa goma ba su yi ba, kuma ba ya buƙatar jiran sakamakon wani gwaji, domin fatar akuya da aka jeme da bagaruwa tana nan yau.

Akwai kuma ƙofar da ta fi ta ado muhimmanci. Tun shekarun 1980 aka fara amfani da wannan shimfiɗa a Burazil wajen rufe ƙuna da gyambo, domin tsotse ruwan da ya zama aibi a riga alheri ne a kan rauni: yana riƙe danshi, yana sanyaya wuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya shekara fiye da goma yana karɓar waɗanda bam da gobara suka ƙona. Wannan hanya ce mai tsawo da ke buƙatar tsafta ta musamman da amincewar NAFDAC, amma masanan da suka ƙware a rainon abin don jaka su ne za su iya ɗaukar wannan mataki daga baya, kuma ya kamata a rubuta hakan cikin manufar gwajin.

Abin da ya kamata a guje wa sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba kundin kasafi: layin da ke cewa “horarwa da tallafa wa mata da matasa” a ƙarƙashin hukumar da ba ta da alaƙa da aikin, taron kwana uku, hoto da babban baƙo, sannan a sallami mata da daro da takardar shaida. Matar da ta tsere daga Bama ta rayu da allura ba ta da mako uku na asara a kan daron da fumfuna za ta cinye. Haɗarin gwaji nauyi ne na gwamnati da jami'a. Sai abin ya tabbata, an san farashinsa da mai sayensa, sannan a miƙa shi ga talaka.

Duk daraktan da irin wannan takarda ta iso gabansa, ya tambayi mai ita abu huɗu: a wane zafi aka raina samfurin, da me aka ciyar da ƙwayoyin, ruwa nawa ya ci, kuma wa ya saya da kuɗinsa. Idan babu amsa a rubuce, takardar ta koma Jami'ar Maiduguri da Zariya a nemo ta, kafin ta wuce zuwa Ofishin Kasafi.